Babi na Shida: Fitila a Goshi, Nauyi a Wuya

Me ya sa 'yar tocilar da ba ta fi wayar hannu nauyi ba take sa wuyan ƙato ya riƙe bayan tafiyar awa guda a kan babur? Idan kuma ga ta, ga hular kwano ita ma da nata nauyin, wacce za a ɗauka, wacce za a bari?

Duk mai hawan babur ko keke cikin duhu a yammacin Zamfara ya taɓa yi wa kansa wannan tambaya, ko da bai furta ta ba. Amsar da aka fi bayarwa kuwa a kawunan mutane ake ganinta. Tsaya bakin tasha a Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum bayan magariba, ka dubi masu shigowa daga ƙauyuka. Za ka ga goshi yana haske nan da can, amma kan da ke cikin kwano sai ka yi da gaske kafin ka ga ɗaya. Ka tambayi ɗan kabu-kabu dalili, ba zai ɓoye maka ba: "Malam, hular ga nauyi gare ta, ga zafi. In na ɗora mata cocila kuma, kafin in kai gida wuya ya riƙe."

Gaskiya ya faɗa, wuyan yana riƙewa. Sai dai ya ɗora wa hula laifin da rabinsa ba nata ba ne, kuma maganin da ya zaɓa ya fi ciwon haɗari nesa ba kusa ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Daga rami zuwa hanya

A Bagega da ƙauyukan yankinta, irin su Dareta, Abare da Sunke, wurin da fitilar goshi ta fi zama dole shi ne ramin zinare. Tun da farashin zinare ya haura dala 1,000 kowace oza a 2008, manoma da yawa suka haɗa noma da haƙa. Ramin haƙa matsattse ne, duhu gare shi ko da rana tsaka. Hannu ɗaya na riƙe da guduma, ɗaya na riƙe da ƙarfen sara dutse, babu hannun da ya rage wa fitila. Sai a ɗaure ta a ka: wani da tocilar hannu ta yau da kullum da robar cikin taya, wani da mai maɗaurinta na musamman da ake sayarwa a kasuwa. Mai haƙa ya fito da yamma, tocila na goshinsa, ya tayar da babur ya nufi gida. Ta haka take biyo shi hanya. Yau mai ban-ruwa a fadama, da mai shayi, da mai gadi, kusan kowa na da tasa.

Masu haƙar kwal a Turai da Amurka sun riga mu shan wannan wahala. A 1815 Humphry Davy ya ƙera wa ramukan Ingila fitilar da ba ta tayar da gobara, amma ta hannu ce. Bayan shekara ɗari, wajen 1915, fitilar lantarki ta Thomas Edison ta shiga ramukan Amurka, kuma tsarinta abin lura ne: ƙwan kaɗai ke manne a hula, batirin kuwa, wanda shi ne mai nauyin, yana rataye a ɗamara, waya ta bi ta gadon baya ta haɗa su. Tun a wancan zamani sun gane cewa ƙugu ya fi wuya iya dako. Ka riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Abin da ya sa fitila ta ƙanƙance ta yi araha har ta kai kowane goshi shi ne ƙwan LED. Masana uku 'yan Japan, Isamu Akasaki, Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samar da shuɗinsa a farkon shekarun 1990, daga shuɗin aka sami farin da muke amfani da shi, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Ƙwan ya zama kamar ba shi da nauyi. Batiri ne har yau bai bi sahu ba.

Ai an hana fita da dare

Haka ne. A 2021 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta taƙaita hawan babur da dare saboda 'yan bindiga, a 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta sake kafa irin wannan doka. Dokar na da dalilinta, kuma littafin nan ba zai koya wa kowa karya ta ba. Amma duhu ba ya duba agogon gwamnati. A watan Disamba rana na faɗuwa a Anka wajen ƙarfe shida da kwata, ba ta fitowa sai bakwai ta kusa. Wanda ya tashi kasuwa a makare, da wanda ya fita gona bayan sallar asuba, duk cikin duhu suke tuƙi. Ga kuma larurar da ba ta jiran gari ya waye: mace mai naƙuda, wanda maciji ya sara, yaron da zazzaɓi ya kai ga jijjiga. A ƙauyen da ba motar asibiti, babur ne ke kai su.

To ina fitilar babur ɗin? Tana nan, amma tana da wani hali da mahaya suka sani. A ƙananan babura da yawa, fitilar gaba daga injin take shan wuta kai tsaye. Ka ba da wuta ta yi tar, ka sassauta ta dushe. Wurin da ake sassautawa kuwa shi ne wurin da hanya ta lalace: kwazazzabo, yashi, bakin rafi, gadar da ruwa ya cinye gefenta. Wato daidai inda ka fi bukatar gani, nan take gaza ka. Fitilar keke mai dainamo ma haka take, tana mutuwa da zarar taya ta tsaya. Saboda haka wanda ya ƙara tocila a goshi ba gaye yake yi ba. Giɓi ya gani ya cike.

Ramin da ba shi da inuwa

Fitilar goshi na da abubuwa uku da ta fi kowace fitila iyawa. Tana bin ido: idan hanya ta yi kwana, fitilar babur na can tana haska dajin gabanta, ta goshi kuwa ta riga ta leƙa inda za ka shiga. Tana sakar maka hannu biyu idan taya ta yi faci ko sarƙa ta zame. Sannan tana nuna dabbobi tun daga nesa, domin idanun shanu, awaki da karnuka suna mayar da haske zuwa inda ya fito, kuma idan hasken daga kusa da idonka ya fito, kai zai dawo wa. Duk wanda ya taɓa cin karo da garken shanu kwance a tsakiyar hanya ya san darajar wannan.

Amma akwai abin da ba ta iya ba, kuma shi ne ke kayar da mutane. Ido da inuwa yake gane tudu da kwari. Dutse a hanya, inuwarsa ce ke gaya maka tsawonsa. Rami, baƙin cikinsa ne ke gaya maka zurfinsa. Idan haske ya fito daga daidai wurin da ido yake, inuwar kowane abu tana faɗawa a bayansa, inda abin da kansa ya kare ta daga gare ka. Sai hanya ta yi maka kamar shimfiɗa, alhali cike take da kunya-kunya. Gwada a tsakar gida yau da dare. Ajiye dutse kamar taku goma a gabanka, ka riƙe tocila a goshi ka dube shi. Sannan ka sauke tocilar zuwa gwiwa. Za ka ga dutsen ya tashi tsaye, inuwarsa ta miƙe a ƙasa, har ƙananan ramukan da ba ka lura da su ba sun bayyana. Tocila ɗaya ce, batiri ɗaya, tsayi kawai aka canza.

Ƙura ma haka. A lokacin hunturu, ko idan kana bin bayan motar da ta tayar da ƙura a hanyar burji, kowace ƙwayar ƙura na mayar da ɗan haske. Wanda fitilarsa ke goshi, hasken nan idonsa yake komawa kai tsaye, sai ya ga farin bango a gabansa. Dalilin da ya sa masu ƙera mota suke sa fitilar hazo can ƙasa kusa da taya ke nan. Da damina kuma, bayan ruwan farko, shinge da sauran ƙwari haske suke bi, kuma ka ɗora musu shi a tsakanin idanunka.

Hukuncin a nan a bayyane yake. Babbar fitila a jikin babur ko keke ya kamata ta zauna, ƙasa da ido, tana kallon hanya. Ta goshi mataimakiya ce. Wanda ƙwan babur ɗinsa ya mutu ya ce ai yana da ta goshi, ya gyara ƙwan tukuna. Kuɗin ƙwai bai kai kuɗin ɗori ba.

Ɗan lissafi kafin birki

Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da ido ya ga rami zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, daƙiƙa ɗaya da rabi na iya wucewa, musamman ga wanda ya gaji. Mita 17 ke nan sun tafi, birki bai fara aiki ba. A ƙasa mai tsakuwa, tsayawar kanta na iya cin wasu mita 15. Jimla ta haura 30. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan birki sau huɗu yake ninkawa.

Yanzu ka auna fitilarka. Kada ka dogara da lambar da aka buga a kwalinta, domin masu buga ta ba su taɓa bin hanyar Bagega ba. Ajiye baƙin bokiti a hanya, ka ja da baya har ya ɓace maka, ka matso har ka gane shi sarai, ka ƙirga takun da ke tsakaninku. Idan taku ashirin ne, to fitilarka ba ta yarda ka yi gudun 40 ba. Ga mai keke, wanda ke cin kamar mita 4 a daƙiƙa, wannan hasken ya wadatar. Abin da ya fi damun mai keke shi ne bayansa: tocilar goshi gaba kawai take haskawa, direban da ya taho ta baya ba ya ganin komai. 'Yar jar fitila a bayan sirdi, ko ƙyalle mai ƙyalli a riga, ita ce mai tsaron wannan gefen.

Inda wuya yake shiga

Kan babban mutum yana kai kilo 5 ko kusa da haka. Ƙasusuwa bakwai ne a wuya ke ɗauke da shi, tsokokin ƙeya na riƙe da shi ta baya don kada ya rinjaya gaba. Hular keke gram 250 ce zuwa 350. Hular babur mai buɗaɗɗiyar fuska tana kai kilo ɗaya ko ɗan fiye, mai rufewa har haɓa kusan kilo ɗaya da rabi. Tocilar goshi kuwa da wuya ta wuce gram 250. A sikeli, hular babur ta ninka tocila sau da yawa. To me ya sa mutum zai iya wuni da hular da ta yi masa daidai, amma awa guda da tocila mai nauyin gaba ta isa ta sa ƙeyarsa zafi?

Dubi yarinyar da ta ɗebo ruwa a rijiya. Bokiti mai lita 20 kilo 20 ne, ya ninka hular babur fiye da sau goma. Ta naɗa gammo, ta daidaita shi a tsakiyar kai, ta miƙe wuya, ta kai shi gida tana hira da ƙawayenta. Da za a matsar da bokitin nan gaba da faɗin yatsu huɗu, ba za ta yi taku goma ba. Ruwan bai ƙaru ba, mazauninsa ne ya kauce. Idan kaya na tsakiya, ƙashi ne ke ɗaukarsa, ƙashi kuwa ba ya gajiya. Idan ya kauce, tsoka ce ke riƙe shi, ita kuwa tana gajiya.

Hula mai kyau ta lulluɓe kai ta kowane gefe, nauyinta ya bi tsakiya. Tocila kuwa gaba ɗayanta a goshi take, can bakin iyaka. Ƙa'idar ita ce a ninka nauyi da nisansa daga tsakiya. Gram 200 da ke zaune santimita 12 gaba yana jan wuya daidai da yadda gram 800 zai ja idan yana santimita 3 kacal. Wannan ja ba ya hutawa, tun daga tayar da babur har kashe shi.

Sannan mai fitilar goshi yana da wata ɗabi'a da bai san yana da ita ba: sunkuyar da kai don ya haska ƙasan gabansa. Wani likitan ƙashin baya a birnin New York, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa kan da ya sunkuya da digiri 15 yana ɗora wa wuya kamar kilo 12, a digiri 30 kamar kilo 18. Masu kallon waya yake wa magana, amma wuyan mai babur da na mai waya ɗaya ne. Bambancin shi ne mai waya a zaune yake, mai babur kuwa kowane gargada na fizgar kayan da ke goshinsa ƙasa da sama. Idan maɗaurin ya yi sako-sako, tocila ta dinga rawa, sai tsokoki su ƙara ɗaurewa don su tsayar da hasken wuri ɗaya. Idan ka ƙara ɗaure shi kuma, roba ta matse jijiyoyin goshi, ciwon kai ya biyo baya.

Sojoji matuƙa jiragen sama masu saukar ungulu suna fama da irin wannan, domin madubin gani cikin duhu a gaban hularsu ake maƙala shi. Abin da da yawansu ke yi shi ne ƙara wani nauyi a ƙeyar hular. Jimlar kaya ta ƙaru, amma kai ya daidaita. Tocilolin da aka raba, ƙwai a gaba, batiri a ƙeya, wannan dabarar suka bi, kuma sun fi daɗin ɗauka ko da sikeli ya ce sun fi nauyi. Wadda ta fi su duka ita ce ta Edison: batiri a aljihu ko a ɗamara, waya ta bi cikin riga.

Ƙwarya a maimakon kwano

Ranar 1 ga Janairun 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta wa masu babur da fasinjojinsu sa hular kwano. Abin da ya biyo baya a Kano ya zaga duniya a kafofin labarai: 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka, wasu robar fenti, don su wuce jami'ai. Mutane da yawa sun yi dariya. Ni abin da na gani a ciki shi ne doka ta zo ba tare da bayani ba. Kuɗin hula ya tashi, ga zafi, ga fasinja na ƙyamar sa hular da wani ya cire yanzu, wasu ma na tsoron asiri. Ba wanda ya zaunar da mahayi ya nuna masa abin da ke cikin hular da aikin da yake yi. Shi ya sa ya ɗauka duk abin da ya rufe kai ya biya.

Hula hawa biyu ce. Ƙoƙon waje mai tauri yana baza bugu, yana sa kai ya zame a ƙasa maimakon ya cije. Na ciki, farin soson nan mai ƙarfi irin wanda ake sako talabijin a cikinsa, shi ne mai ceton rai: yana murƙushewa a madadin ƙwaƙwalwa. Sau ɗaya yake wannan aiki. Hular da ta taɓa shan ƙasa da kai a cikinta ta gama nata, ko da ba ta tsage ba. Hular 'yan gini da ake gani a wuraren haƙa ba ta da wannan soso, don dutsen da zai faɗo daga sama aka yi ta, ba ta maye gurbin ta babur.

Ilimin nan da gawa aka saye shi. A 1935 wani sanannen sojan Ingila, T. E. Lawrence, ya faɗi da babur ya mutu da raunin kai. Ɗaya daga cikin likitocin da suka duba shi, Hugh Cairns, ya duƙufa kan binciken mutuwar mahaya, har rundunar sojan Ingila ta wajabta hula ga masu babur ɗinta a 1941. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana kawo alƙaluman da ke nuna hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kashi 42 cikin 100, na raunin kai da kashi 69. Ga mutumin Bagega alƙaluman nan sun fi nauyi. Karaya a ƙafa, ana iya duba ta a Babban Asibitin Anka. Jini ya taru a cikin kai kuwa, magana ce ta Gusau, ko cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, a kan hanyar da ba kullum ake iya binta da dare ba.

Mafi yawan hulunan da ake kuka da nauyinsu, girma suka yi wa mai su. Hular da ta yi yawa tana rawa, tana zamowa kan ido, iska na ɗaga ta, wuya na ta kokawa da ita. Auna kanka da zare, ɗan sama da gira, ka kai zaren kasuwa. Hula ta zauna daidai, bakinta kamar yatsu biyu sama da gira. Ka girgiza kai, ta tafi tare da fatar goshinka. Igiyar haɓa a ɗaure, yatsa ɗaya ko biyu kawai ke shiga. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa. Batun zafi kuwa gaskiya ne, a watan Afrilu Anka na haura digiri 40. Nemi fara ko mai haske, mai ƙofofin iska. Kuma a tuna, da dare muke magana, lokacin da zafin ya sauka. Gilashin gaba ya zama garau. Mai duhu ko wanda ya karce yana watsa hasken duk fitilar da ta tunkaro ka.

Haɗa su ba tare da ɓata ɗaya ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗaura tocila a goshi, sannan a tura hula baya don ta ba ta wuri. Goshi ya fito fili, kuma ga wani abu mai tauri a kansa da zai nutse cikin ƙashi idan an kifa. Tocila a wajen hula take zama, ba a ƙarƙashinta ba.

Kuskure na biyu na masu dabara ne: a huda ƙoƙon hula, a ɗaure fitila da noti. Hudar tana raunana ƙoƙon, notin kuma yana kallon ƙwaƙwalwa. Ban da haka, duk abin da ya tsaya ƙyam a jikin hula yana iya cije ƙasa ko reshe ya murɗa kai, murɗawar nan kuwa tana cikin abin da ya fi yi wa ƙwaƙwalwa da wuya illa. Fitilar hula ana so ta zama mai saurin rabuwa: ta riƙe a gargada, ta fita a faɗuwa. Maɗaurinta na roba, ko robar cikin taya, ya wadatar. A guji gam mai ƙarfi da fetur da fenti, domin wasunsu na cin robar ƙoƙon ba tare da ido ya gani ba.

A zaɓi ƙarama mara nauyi, a kwantar da ita kusa da jikin hula, kada ta yi tsini a sama inda rassan ƙaya za su kama ta. Sannan a saita ta kana zaune a kan babur, wuya a miƙe, har hasken ya sauka inda idonka ke sauka da kansa. Idan sai ka sunkuya kake ganin hanya, fitilar za a karkata, ba wuyan ba.

Haske yana nuna mai shi

Hausawa na cewa dare rigar mugu, kuma mutanen Anka da Bukkuyum ba sa bukatar a fassara musu. A fili, ana hango fitila daga nesa ƙwarai, ta goshi kuma tana faɗin abu biyu: ga mutum, ga inda yake kallo. Shi ya sa tocila mai matakin haske kaɗan, mai makunnin da yatsa ke samu ba lalube, ta fi mai tsananin haske da sai an danna sau huɗu take mutuwa.

Idan ka tunkari shingen sojoji, ko 'yan sanda, ko Askarawan Zamfara, kashe ta tun daga nesa, ka ɗaga gilashin hula. Dalla wa mai bindiga haske a ido cikin dare ba ƙaramin ganganci ba ne. Haka idan wani mahayi ya taho: ɗabi'ar mutum ce ya kalli abin da ke zuwa, kuma duk inda ka kalla nan hasken ke zuwa. Ido na ɗaukar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, walƙiya ɗaya ta ɓata shi, kuma wanda ka makantar kai yake tunkarowa. Kawar da kai gefen hanya. Fasinja ma ya kashe tasa, don madubi da kafaɗar direba kawai take haskawa.

Abin da maɗauri ke kaiwa gida

Akwai wani nauyi da sikeli ba ya nunawa, kuma a wannan yanki ba a tsallake shi. A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen zinaren cike yake da dalma, ana niƙa shi a cikin gari, ƙurar ta bi tsakar gida. Yara kusan 400 suka rasu. Bagega ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarta ba sai 2013, bayan Hamzat Lawal da abokan gwagwarmayarsa sun matsa wa gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin. Tun daga lokacin ake koya wa masu haƙa su yi wanka, su canza tufafi kafin su shiga gida.

Ana canza riga, ana canza wando, tocila kuwa tana nan a goshi. Maɗaurinta yadi ne mai roba, ya sha gumi ya sha ƙurar rami da ta injin niƙa. Soson cikin hula ma haka, idan an kifa ta a kan da ba a wanke ba. Ba kuma abin da yaro ke so kamar tocilar babansa: ya kunna, ya kashe, ya kai baki. Masana lafiya ba su san wani adadin dalma da za a ce ba ya cutar da yaro ba. Wanda ke da hali ya yi tocila biyu, ta rami ta kwana a wurin aiki. Wanda ba shi da hali ya wanke maɗaurin a can, ya goge jikinta da jiƙaƙƙen ƙyalle, kada ya kaɗe ta ko ya hure ta, ya rataye ta inda hannun yaro ba ya kai.

Wani lokaci ma dalmar a cikin tocilar take. Masu caji masu araha da yawa, musamman masu nauyin nan da ake sokawa kai tsaye a soket, ƙaramin batirin dalma ne a cikinsu, ɗan'uwan na mota. Shi ke jan wuya yana raye, idan ya mutu kuma a jefa shi juji yara su fasa. Babi na gaba zai buɗe cikin tocilar: yadda ake bambance batirin dalma da na litiyam, dalilin da ya sa batiri samfurin 18650 na gaske yake kai gram 45 alhali wanda aka rubuta wa ƙarfin caji 9,900 a jiki sau da yawa bai kai haka ba, da abin da zafin shagon caji ke yi wa kowannensu.